Yadda na ɓace daga lissafin Inna

Shekarar da na fara koyarwa a lakwal ɗin garinmu, wato makarantar boko, can gefen Bande, wani ɗalibin jami'a ya zo da babban hutu zai yi bincike. Yana so ya san ko Hausawa da Fulani a rabe suke zaune, da kuma ɓangaren da ya fi saurin yaɗuwa. Hausarsa ba ta wuce ta sayen ƙosai ba, sai mai gari ya haɗa shi da ni, tun da ni ne mushe, wato malamin lakwal, wanda ake zaton ya san komai.

Ya shimfiɗa taswira a kan teburin ajina, ya ja layi da jan bik, wato biro, a kan kwarin da ya ratsa garin. Gabas Hausawa, yamma Fulani. Layin ya yi kyau ƙwarai, bai ko karkace ba. Sannan ya ba ni doka guda: abin da mutum ya faɗa da bakinsa shi za a rubuta, ban da ƙari, ban da gyara. Na ce to. Har na ji daɗi, don ni ma zan shiga littafi, ko da a matsayin lamba ce.

Gidanmu ne na tara a gabas. Inna na tsintar wake a tsakar gida. Na fassara mata tambaya cikin muryar aiki.

"Inna, ya ce 'ya'ya nawa kika haifa?"

"Shida," ta ce, ba ta ɗago ba.

Mu bakwai ne. Ni ne na fari. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta sa shi a lissafi, ba ta nuna ta san da shi a gaban baƙo. Kunya ce, kuma Inna ta riƙe ta kamar farilla. Na san haka tun ina yaro, amma ban taɓa ganin an yi mini ita a rubuce ba.

"Inna, ki dai sake ƙirgawa."

Ta ƙirga da wake, ɗaya bayan ɗaya. Shida. Na rubuta shida da hannuna, da rubutun nan nawa mai kyau da ake yabo.

Washegari muka ƙetara kwari. Can kakata take, wadda ta haifi Inna, Bafulatana ce, kuma wurinta aka kai ni yaye na zauna har na shiga lakwal. Na ce yau dai za a ƙirga ni.

"Kaka, ya ce su wa ke gidan nan?"

"Ni da shanu, da wannan malalacin mijin nawa da ba ya kawo cefane," ta nuna ni da muciya.

Wasan kaka da jika ne, kowa ya sani. Mai bincike ya ce in fassara. Na fassara. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce doka doka ce. Haka na shiga littafin: Bafulatani, mai aure, mijin tsohuwar da ba ta da haƙori ko ɗaya.

Bayan mako biyu ya kira ni yana rawar jiki, ya ce ya gano abu biyu da ba a taɓa rubutawa ba. Matan garin nan, gabas da yamma, suna daɗewa bayan aure kafin su haihu. Tsofaffin mata kuma suna auren samari, wasu ma ba su yi kaciya ba. Zai aika wa malaminsa ran Juma'a.

Na so in ƙyale shi, don gaskiya binciken ya fi garin ban sha'awa. Amma in ya tafi haka, ni da duk 'yan farin garin mun ɓace daga iyayenmu har abada. Na yi masa bayani. Ya zauna a bencin yara, gwiwoyinsa kusan a haɓa, ya tambaya, "To kai wane ɓangare ne?" Na ce da safe gabas nake shan koko, da yamma kuma can nake shan nono. Muka ɗauki fensir muna jan kibiya daga gidan kowace uwa zuwa gidan da aka yaye ɗanta. Kafin la'asar jan layin nan ya ɓace a ƙarƙashin kibiyoyi.

Saura gyara, kuma doka tana nan: sai ta faɗa da bakinta. Muka koma gidanmu. Wannan karon ban tambaye ta 'ya'ya ba.

"Inna, ya ce kwano nawa kike zuba tuwo in yara duk suna gida?"

"Bakwai."

"Na bakwai ɗin na wa ne?"

Ta daɗe tana duban kazar da ke tonon bakin rumbu.

"Akwai wani," ta ce. "Mai yawan tambaya. Shi ya fi kowa ci."

Mai bincike ya ce ya wadatar. Na soke shida na rubuta bakwai. Kaka kuwa da muka je a warware aure, cewa ta yi ba ta saki ba, sai na kawo goro.