Hoton da Muka Aika wa Inna

A da, in mutumin ƙauyenmu yana son hoto, sai ya jira ranar kasuwar Sheme. Akwai mai hoto da ke kafa rumfa kusa da masu gyaran keke, ya rataya wani ƙyalle da aka zana jirgin sama da gidan bene a jikinsa. Ka tsaya a gaba, ka ƙame kamar an kai ka gaban alƙali, ya ɗauka, kasuwa ta gaba ka zo ka karɓa. Kowa ya san jirgin ƙarya ne, amma fuskar taka ce. In ka rame, rama za ta fito. Shi ya sa mutanenmu suka ɗauki hoto a matsayin shaida. Ɗan da ya tafi ci-rani Ikko in ya aiko da hoto, uwarsa wuyansa take fara dubawa, ta ga ko yana samun abinci.

Yanzu abin ya juya. Benen na gaske ne, jirgin na gaske ne, fuskar ce ake taɓawa. Na yi yawon duniya gwargwado, tun ina sayen auduga a Daudawa har na koma fataucin yadi, na zauna Kwatano da Abijan, na je Jidda da ƙasar Sin. Na ga mutanen Abijan suna wage baki gaban kyamara kamar an yi musu albishir, na ga 'yan Sin suna ɗaga yatsu biyu ba su san gajiya ba. Ban taɓa ɗaukar abin da muhimmanci ba sai shekarar da na kai Hajiya, mai ɗakina, asibiti a Alƙahira.

Hanta ce ta kama ta. Idanunta suka yi ɗorawa, jikinta ya zube, zobenta ya koma yawo a yatsa. Likitan ya kira ni ni kaɗai, ya yi mini bayani da Larabci a hankali, ya maimaita da Turanci don kada in ce ban gane ba. Ya ce in mai da ita gida cikin danginta. Da na koma ɗaki ban gaya mata abin da ya ce ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta dai dubi yadda na cire hula na ajiye a kan gwiwa, ta juya fuskarta bango.

Washegari ta ce, "Alhaji, waɗannan da muke gani bakin kogi ana bin su da kyamara, biya suke yi?"

Na ce biya suke. Ana kama mai hoton ta waya, a zaɓi wuraren da ake so, ya zagaya da mutum.

"To a nemo mini. Mace nake so."

"Hajiya, ke da ko a bikin 'ya'yanki sai an jawo ki kafin ki tsaya hoto?"

"Ba naka ba ne. Na Inna ne."

Inna mahaifiyarta ce, tsohuwa, tana zaune wurin ƙanen Hajiya a wani ƙauye bayan Mabai. Hajiya ce 'yarta ta fari, don haka tun da nake ban taɓa jin Inna ta kama sunanta ba. "Waccan" take cewa, ko "ta Funtua", saboda a can muke zaune. Ba ta tambayar lafiyarta kai tsaye, sai dai ta tambayi jikokin, a fahimci sauran. A lokacin kuma an rufe layin waya a yankinmu saboda 'yan bindiga, ba a kira, ba a aika saƙo. Labarin da ya isa ga Inna shi ne an fita da Hajiya waje, kuma ta fara haɗa kaya za ta taho Funtua ta jira dawowarmu. Hanyar Kankara zuwa Sheme an hana motocin haya bi, sai an zagaya ta Malumfashi, kuma kafin a kai ga kwalta akwai daji mai hatsari da ake ratsawa a babur. Abin da ya hana Hajiya barci ke nan.

Ta ce, "In ta ji yadda nake, za ta hau hanyar nan. In wani abu ya same ta a dajin, da wane ido zan dubi 'yan'uwana? Ta ga hoto, hankalinta ya kwanta, ta zauna inda take."

Mai masaukinmu ya haɗa mu da wata mata mai hoto, dattijuwa, da gyale baƙi da takalmin gudu kamar 'yar ƙwallo. Ta tambaye ni a waya wuraren da muke so. Na ce dalar Fir'auna da bakin kogin Nilu sun isa, domin marar lafiya ce. Ta ce to da sassafe za a fita, kafin rana ta yi ƙarfi, lokacin haske yana da tausayi ga fuska. Haka ta faɗa, kuma ban manta ba.

Hajiya ta sa leshinta shuɗi wanda ta ɗinka don sallar da ta wuce. Rigar ta yi mata yawa har wuyan yana zamewa. Mai hoton ta zagaya bayanta, ta tattare yadin, ta matse shi da matsin shanya, ta rufe da mayafi. Ta shafa mata hoda, ta ja mata kwalli. Ta miƙo mini wani abu zagayayye mai sheƙi kamar faifai, ta nuna mini inda zan tsaya in karkata shi don ya jefa haske a fuskar Hajiya. Ni da na ɗauka tafinta zan yi, sai ga ni ɗan riƙon faifai.

Wani mai raƙumi ya matsa mana sai Hajiya ta hau. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Alhaji, gaya masa mun baro irinsu a Kankara suna dakon gero."

Na fassara. Mutumin ya yi wata magana mai tsawo da ban kama rabinta ba.

"Me ya ce?"

"Ya ce nasa ya fi."

"Duk wannan surutun? Kai dai Larabcin naka na cinikin atamfa ne, ka faɗi gaskiya."

Ta yi dariya, kuma a daidai nan mai hoton ta ɗauka. Bayan dariyar sai da ta zauna a kan dutse, ta riƙe gefen cikinta, gumi yana karyo mata ta cikin hodar. Haka aka yi ta yi. A tsaya kaɗan, a zauna da yawa. Mai hoton ta so in matso kusa da ita in riƙe hannunta. Hajiya ta ce a'a, hoton wurin surukata za shi, in tsaya can baya yadda mutane suke yi. Na tsaya baya. A bakin kogi ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta gaba ɗaya, sai aka jingina ta da ƙarfen gada, aka sa mata jaka a hannu kamar mai jiran jirgin ruwa.

Da yamma matar ta zo masauki da kwamfutarta. Ta nuna mana hoton yadda aka ɗauke shi, sannan ta tambaya ko a gyara. Ta nuna idanun da yatsa, ta nuna ramin kumatu. Na fassara wa Hajiya.

"Ana iyawa?"

"Ta ce ana iyawa."

"To ta gyara. Ta ƙara mini ƙiba ma in da hali."

Muna kallo ɗorawar ta fita daga idanun, suka yi fari tas. Kumatu suka ciko. Jijiyoyin wuya suka ɓace. Na ga matar da na aura tana dawowa a gabana kaɗan-kaɗan, ita kuwa ta gasken tana kwance a gefe da bargo har ƙirji, tana cewa a ƙara nan, a rage can. Mai hoton ta rage murya ta tambaye ni wa za a kai wa. Na ce mahaifiyarta. Ta ce tsohuwar ta san halin da ake ciki? Na ce a'a. Sai ta ci gaba da aikinta.

Da muka dawo Funtua na sa aka wanke shi babba, aka sa a firam, na ba wani direba ɗan Kankara ya kai. Bayan kwanaki ya dawo mini da labari. Ya ce ƙanen Hajiya ya shiga da hoton cikin gida, mata suka taru. Inna ba ta karɓa da hannunta ba, ta bari aka ajiye a kan tabarma, ta ci gaba da tsince wake. Sai da mutane suka rage ta jawo shi, ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Ashe waccan ƙiba ta tahi yi." Ranar ta kwance kayan da ta ɗaure. Ta ce a gaya wa ta Funtua za ta zo bayan kaka, in an gama yankan dawa hanya ta yi sauƙi.

Da na faɗa wa Hajiya ta ce alhamdu lillahi. Ta faɗa har sau biyu. Daga nan ta juya ta rufe fuska da mayafi, na fita na bar ta.

Jikin ya ci gaba da sauka. Ta daina cin komai sai kunun tsamiya, shi ma cokali kaɗan. 'Yan dubiya suna zuwa, a ce yaya jiki, ta ce da sauƙi. A wurinmu ko mutum yana fitar rai da sauƙi zai ce, mai tambayar ma ya san haka, da idonsa yake gane gaskiya. Inna kuwa ba ta da ido a nan sai wanda muka aika mata. Wata safiya ina zaune a gefenta na ji ta ce, ba tare da ta buɗe ido ba, kunun nan ba irin na Inna ba ne, na Inna yana da kanwa kaɗan. Daga baya ta tambaya ko an fara yankan dawa a can. Bayan kwana biyu ta sake tambaya.

Na ce, "Hajiya, in aika a zo da ita?"

"Hanya, Alhaji."

"Na san hanya. In aika?"

Wannan karon ba ta hana ni ba. Na aika direban nan da saƙon baki zuwa ga ƙanenta, cewa a kawo Inna. Amsar da ta dawo ita ce sun ga hoto, masha Allahu, suna ta yi mana barka, suna nan tafe bayan kaka. Sai na sake tura shi, na ce ya faɗa yadda na faɗa, kada ya tausasa: jiki ya yi tsanani, hoton gyara shi aka yi. Ya ce mini daga baya sai da ya rantse kafin ƙanen ya yarda, domin mutumin bai taɓa jin ana iya cire cuta daga idon mutum a takarda ba. Inna kuwa ba ta jira rantsuwa ba. Ta tashi ta ɗauko zanenta.

Sun sami masu babur da ƙyar, sun kwana Kankara don yamma ta yi, ba a shiga hanya. Hajiya ta cika bayan asuba. Ba waya, ba mu san ko sun taso ba, ko suna ina, ko za su iso a ranar. Malamai suka ce kada a jinkirta ta. Aka yi mata sutura, muka kai ta kafin azahar.

Da la'asar motarsu ta tsaya a ƙofar gida. Inna ta ga tabarmi a shimfiɗe da maza zaune. Ta tsaya da ƙullin kayanta a ka, daddawa da man shanu da 'yar kanwa a leda. Ba ta yi kuka ba, uwar 'yar fari ba ta yi a gaban mutane. Ta wuce ciki. Matan da suka yi wankan ne suka ba ta labarin yadda jikin ya koma.

Bayan addu'ar uku na je gaishe ta. Na durƙusa daga bakin ƙofa, akwai labule tsakaninmu, kamar yadda muka saba tun ranar da na auri 'yarta. Muka gaisa, ta yi mini ta'aziyya, na yi mata. Har na yunƙura zan tashi sai ta ce, "Alhaji."

Na ce, "Na'am, Inna."

"Wa ya ce a gyara?"

Na ce ita ce. Na ce tsoron hanya take yi mata.

Na ji ta gyara zama a bayan labulen. Sannan ta ce, "Mi zan yi da ran da aka tsare mani? Da an aiko mani ɗiyata yadda take, da ƙafa zan tako."

Ranar ce kaɗai na ji ta ce ɗiyata.

Ta yi bakwai ta koma ƙauye, ba ta sake zuwa Funtua ba har Allah Ya karɓi ranta. Tun daga lokacin, a gidana ba a aika hoton marar lafiya ga kowa. Mutum ake tashi, ya je ya zauna gaban mai haƙƙi, ya faɗa masa da baki yadda jikin yake.