Yarinyar da Ta Bi Mai Gatari

Wata abokiyar aikina a makarantar da nake koyarwa a Daura ta taɓa tambayata wane littafi na fi so, na ƙagaggen labari ko na tarihi. Na ce duka ina karantawa, amma akwai irin wanda nake rufewa tun ban kai rabi ba: wanda jarumi zai sare mutane barkatai, ya goge takobinsa, ya wuce zance wurin budurwa. Ta yi dariya, ta ce ai nishaɗi ne kawai. Ni dai na san inda na samo wannan hali. A gindin murhun kakata ne, a wani ƙauye kusa da Mai'adua.

Sunanta Dije, mu jikokinta Inna muke ce mata. In an sauke tuwo bayan magariba ba ta barin wutar ta mutu. Sai ta tura kara, ta binne gyaɗa a toka mai zafi, mu kewaye ta. Tatsuniyoyinta ba na matsorata ba ne. Kuraye na tauna ƙashi a ciki, ana jefa mugaye a rijiya, mu kuwa muna ta shewa. Yayana Sale ya fi kowa son a zubar da jini, ita kuma kullum tana tsokanarsa da "maigidana".

Wani maraice bayan girbin gero ta ce, "Ku matso, yau wata na kawo muku da ba ku taɓa ji ba."

Ta ce an yi wani mai fataucin shanu, Barmo, shi da ƙanensa. Wata rana 'yan fashi suka tare ƙanen shi kaɗai a hanyar kasuwa, suka sassare shi, suka kore shanun. Kafin Barmo ya iso, ungulu sun riga shi. Da rigar jikinsa ya gane shi. Ya binne abin da ya rage, ya saɓa gatari, ya bi sawun shanu har wata bukka a cikin daji. Ya iske babban ɓarawon zaune a ƙofa yana ɗinke takalminsa, ga ƙwaryar fura a gefe. Barmo bai yi sallama ba. Saran farko ya sauka a kafaɗa. Mutumin ya yunƙura zai jawo kwari da bakansa, na biyu ya tsaga masa kai. Jini ya fantsama har cikin furar.

Sale ya daka tsalle. "Yauwa! Ya yi min daidai!"

Inna ta dube shi ba dariya. "Zauna, maigidana. Ban gama ba."

Ta ce sai wata yarinya ta fito daga bukkar, ƙarama, ko tulu ba ta isa ɗauka ba. Uwarta ta daɗe da rasuwa. Ta kama ƙafar mutumin tana girgizawa, tana cewa, "Baba, tashi, furarka ta ɓaci."

Barmo ya tattara shanunsa ya kama hanya. Da ya waiwaya, ga ta nan biye da shi, rungume da takalmin ubanta. Ya daka mata tsawa, ta tsaya. Ya ci gaba, ta ci gaba. Ya jefe ta da hoge har goshinta ya fashe, ta share jinin da hannu, ta sake biyo shi, don babu kowa a dajin nan sai shi. Ya juyo ya ɗaga gatarin a kanta. Ba ta gudu ba, kallonsa kawai take. Sai ya sauke gatarin a hankali. Ya ɗora ta a wuya ya kai ta gidansa, ya rene ta cikin 'ya'yansa, ya aurar da ita da gara kamar kowa. Amma daga ranar bai sake riƙe wuƙa ba. Ko ragon layya sai maƙwabci ya yanka masa, shi yana bayan gida ya toshe kunne.

Sale ya tura baki. "Inna, wannan ba daɗi. Ina ƙarshenta?"

Ta tono gyaɗa daga toka, ta hure, ta miƙa masa. "Ga ƙarshenta nan zaune tana gasa muku gyaɗa."

Na dubi tabon da ke goshinta, wanda na sha shafawa ban taɓa tambaya ba. Da kyar na ce, "Inna, kin tsane shi?"

"Wanne daga ciki, 'yar nan? Ɗaya ya haife ni, ya kashe ɗan mutane. Ɗaya ya kashe min uba, ya goya ni. Duka biyun nake sa wa a addu'a. Allah ne zai raba musu."

Na girma na shiga karatu sosai. Ina son littattafan tarihi, musamman na yaƙe-yaƙen ƙasar nan, amma sukan gajiyar da ni in suka ce "aka ci garin" suka wuce, kamar garin ba shi da mata da yara. Na fi jin daɗin waɗanda tsofaffi suka ba da labarin rayuwarsu da bakinsu, ba su ɓoye abin kunya ba. A ƙagaggun labarai kuwa ba jini nake ƙi ba. Inna ma ba ta rage mana komai daga saran gatarin nan ba. Abin da nake nema shi ne marubucin da zai tsaya bayan an yi saran, ya jira. Duk inda aka kashe mutum a littafi, nakan rage saurin karatu, in ga ko za a nuna min wanda ya fito daga bukka. In ba a nuna ba, na san an yanke min rabin labarin.