Yadda Na Kai Telen Garinmu Damagaram

Tun asuba muka ɗaura wa jaki amalanke, ni da ƙanin mijina Isufu. Telen da gwamnati ta kawo mana, akwatin kallo mai cin wutar rana, ta mutu, ga shi jikana Habu zai shiga filin kokowa a Yamai, za a nuna shi ran Juma'a. Na ce da ƙafata zan kai ta gyara, na naɗe ta a zane.

Gangara

Hantsi ya yi muka samu Landiroba a nan, muka ba da ajiyar jaki. Direba ya ce a ɗora akwatin sama, wajen awaki.

Na ce, “Yaro, a cinyata za ta zauna. 'Ya'ya tara na raina a nan, babu wanda ya faɗo.”

Sabon Kafi

Nan muka hau kwalta, muka sha fura mai tsami. Jandarma ya leƙo ya ce, “Inna, mene ne a cikin zanen?”

“Mara lafiya ce.”

Ya ɗaga zane, ya yi dariya, ya ce Allah ya ba ta sauƙi.

Damagaram

Muka kwana gidan 'yar ƙanwata, tuwon shinkafa har da nama. Da safe ta raka mu wurin mai gyara, Malam Sanusi. Yana buɗe bayan akwatin sai toka ta zubo masa a ƙafa.

Ya ce, “Baba, wa ya yi wannan?”

Isufu ya gyara hula. “Ni ne. Gara na gani a ɗaki. Ai haka ake yi wa wake.”

Na ce, “Saura ka zuba mata kanwa, mijin banza!”

Malam Sanusi ya hure ta sarai, ya canza wani ɗan abu da ya ƙone. Na tambaye shi ta ina mutane ke shiga cikinta. Ya ɗauko fasasshen gilashin wata tele ya nuna mini cikinsa, an shafe shi da farar hoda. Ya ce wuta ce ke harbin hodar ɗigo-ɗigo, inda ta taɓa ya yi haske, ɗigon nan su ke haɗuwa su zama fuska. Wai ma ya ji masu ƙera ta na neman yin wata siririya kamar faifai, kowane ɗigo da hasken kansa. Na ce su hanzarta, cinyata ta gaji.

Gida

Ran Juma'a da la'asar muka iso, gari duk yana bakin hanya. Aka jona baturi. Sai ga Habu, bai fi ɗan yatsana ba, yana zagaya fili. Ya sunkuya, ya ɗauki wani ƙato ya buga da ƙasa. Na rangaɗa guɗa har na shafi gilashin, ɗumi kamar goshinsa.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Malam Sanusi, da direban da ya bi ramuka a hankali. Isufu kuwa, ya ci albarkacin Habu, na yafe masa tokar.