Azurfar Mijina a Cikin Man Kaɗanya

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Mai waya a hannu ya ajiye, mai tauna ya haɗiye. Abin da zan faɗa muku ba tatsuniya ba ce, a gabana aka yi shi, a gidan ɗana, a nan Greensboro.

Mijina, Allah ya jiƙansa, ɗan canji ne a Maraɗi. Yakan shimfiɗa tabarmarsa a bakin tasha, mai naira ya kawo ya karɓi sefa, mai sefa ya kawo ya karɓi naira. Amma yana da wata ɗabi'a da abokan sana'arsa ke yi masa dariya a kai: kuɗin da aka daina karɓa a kasuwa, shi saye yake yi. Tsohuwa ta kwance bakin zane ta fito da anini mai huda, ya saya. Buzu ya sauko daga arewa da liyari, manyan kuɗin azurfan nan masu kan wata mace mai jiki, waɗanda ayari ke zuwa da su tun zamanin kakanni, ya saya. Akwai sulallan Ingila, akwai na Faransa, har da 'yan ƙwayoyi na zinariya da bai taɓa gaya mini inda ya samo su ba. Ran Juma'a in ya dawo daga masallaci sai ya zazzage su a faifai, ya yi ta juya su ɗaya-ɗaya. In na ce, "Malam, kuɗin da ba sa sayen ko gishiri?" sai ya ce, "Ke dai tuƙa mana tuwo."

Da ya rasu aka zo rabon gado, ba wanda ya waiwaye su, suka faɗo a rabona. Da ɗana na fari ya aiko mini in zo Amurka in kama wa matarsa rainon yara, sai na zuba su a gwangwanin madara, na naɗe da tsohon rawanin mai su, na cusa cikin kayan sawata.

Mun zauna a gidan haya na bene, bayan High Point Road. Ɗana yana ɗaukar kwalaye a wani babban sito wajen Wendover, matarsa tana kitso a shagon wata 'yar garinmu. Ni kuwa ina gida da yara. Na yi goyo, na yi yaye, na sake goyo. Yaran suka girma, in yi musu magana da Hausa su amsa mini da Turanci. Sanyi ya shiga gwiwoyina. Unguwar nan ba a tafiya da ƙafa, motoci ne kawai suna wucewa kamar an koro su, sai na wuni a bakin taga ban gaisa da kowa ba. Zuwa na yi in taimaka in koma, sai ga furfura ta gama cin kaina ban koma ba.

Wata damina aka bugo waya daga gida, aka ce ruwa ya kayar da ɗakina, ya haɗa da katanga. Na ce wa ɗana, "A gina mini ɗakin nan, a saya mini tikiti. Ina so in ƙarasa kwanakina inda aka binne mahaifinka." Ya sunkuyar da kai. Shekarar nan ce aiki ya yi wuya a ƙasar nan, an rage musu awoyi a sito, wasu ma an sallame su. Sai na shiga ɗaki na ɗauko gwangwani na zazzage a kan tebur.

Matar ɗana ce ta san hanya. Ta ce akwai kasuwar gwanjo a intanet, inda Turawa ke tayin tsofaffin kuɗi. Ta ɗauki hoton kowanne, gaba da baya, ta saka. Muka zura ido. Kullum in ta dawo daga kitso sai ta kunna kwamfuta ta ce, "Inna, an ƙara." Washegari ma, "Inna, an ƙara." A ƙarshe wani Bature a wata jiha mai nisa ya kwashe su gaba ɗaya, a farashin da zai tayar da ɗaki da katanga, ya sayi tikiti, har a yi wa mamaci sadaka. Na yi kuka ranar, na ce ashe Malam gini yake yi mini a faifai ban sani ba.

Saura aikawa. Sharaɗin kasuwar shi ne, in kaya ba su isa hannun mai saye ba, kuɗinsa za a mayar masa.

Matar ɗana ta yi tambaya a wurin masu irin wannan ciniki, ta zo da bayani. Ta ce kowane kwabo a sa shi a 'yar jakarsa don kada su yi ƙara ko su goge juna. A sa ƙaramin kwali cikin babba, a liƙe kowace kafa. A aika ta hanyar da duk wanda kwalin ya bi ta hannunsa sai ya sa hannu. Sannan a faɗi ainihin darajar kayan, a biya asiransi, abin da mutanen Najeriya ke ce wa inshora, don in kaya sun salwanta kamfani ya biya. Ta ce hanyar tana da jinkiri, tana da tsada, amma ita ce hanya.

Ɗana ya ce, "In je gaban mutane in buɗe baki in ce ga abin da ke cikin kwalin nan?"

Ta ce, "Baban yara, mutum ɗaya za ka gaya wa, mai karɓar kaya."

"Mutum ɗaya yana da abokai. Ni a cikin kwalaye nake wuni. Kwalin da aka yi wa tambari na musamman, ido kowa a kansa yake."

"To ka taɓa ganin an sace?"

"Ban gani ba. Ai ɓarawo ba kirana zai yi in zo kallo ba."

Da gardama ta ƙi ƙarewa sai aka ce a kai wa Alhaji. Alhaji dattijon mutanen garinmu ne a nan, shi ke ɗaura aure, shi ke sasanta rigima. Kafin ya zo Amurka ya daɗe yana fatauci da kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Maraɗi da Kano, a nan kuma yana da wurin sayar da motoci. Gidansa yana Pleasant Garden, fili fetal, har da kaji. Ran Lahadi muka je. Matarsa ta kawo mana fura, aka gaisa, aka tambayi gwiwoyina, sannan ɗana ya kawo magana.

Alhaji ya saurara har ƙarshe, ya dubi matar ɗana ya yi murmushi. Ya ce, "'Yata, wato a rubuta wa ɓarawo takarda, a ce masa ga wuri?"

Ta ce, "Baba, a nan haka ake yi."

"A nan ma 'yan Adam ne. Hajiya, ke shaida ce. A gida wa ya taɓa gaya wa direba abin da ya ɗauko? Na kai zinariyar amare Kano a cikin ƙwaryar man kaɗanya, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. 'Yan duwan, masu binciken kaya a kan iyaka, su ɗaga marfi, su yatsine fuska, su rufe. Mai ba ya ƙara, nauyinsa ba ya sa a yi zargi, kuma ba wanda ke son tsoma hannu a ciki. Ga baki kuma. Dukiyar da aka ambaci yawanta a bainar jama'a, ba ta kwana lafiya."

Ya juyo gare ni ya ce, "Hajiya, kayanki ne. Me kika ce?"

Ni abin da na sani ke nan. Na ga an yi haka a gida, na ga kaya sun isa. Na ce, "Yadda kuka gani, Alhaji." A mota muna dawowa, matar ɗana tana ta kallon itatuwa.

Aka sayo man kaɗanya a shagon kayan Afirka da ke High Point Road, cikin roba mai marfi. Matar ɗana, duk da ba ta so, ita ta naɗe kowane kwabo a leda da hannunta, ta ɗaure. Ɗana ya haƙa rami a cikin man da cokali, ya binne su, ya shafe sama ya yi sumul. Na tofa addu'a a kai. Aka sa a kwali aka liƙe. Ya girgiza kusa da kunnena ya ce, "Inna, kin ji wani abu?" Ban ji komai ba. Har na yi dariya.

Ya kai wani kamfanin aika kaya. Suka tambaye shi mene ne a ciki, ya ce man shafawa. Suka tambaye shi darajarsa, ya faɗi kuɗin roba ɗaya ta man kaɗanya. A kan wannan aka yi asiransi. Suka ba shi wata lamba, wai da ita za a riƙa ganin inda kaya suka kai.

Tsakiyar zafi ne lokacin, irin zafin nan na ƙasar nan mai ɗanshi, wanda in ka bar mota a rana ba ka iya taɓa sitiyari. Ba wanda ya kawo wannan a ransa. A gida ƙwarya a saman kamyo take tafiya, iska na bugunta, direba ya san mai ita. Ko mai ya narke ya zuba, ba mahaukacin da zai jefar da ƙwaryar mutane.

Matar ɗana ta riƙa duba lambar a kwamfuta. Kwali ya bar Greensboro. Kwali ya isa wata tashar kayansu a wata jiha. Daga nan ya tsaya. Yau yana nan, gobe yana nan. Baturen ya fara aiko da saƙo yana tambaya. Ni kuwa na riga na fara haɗa tsaraba, na sayi turare da sabulai, na ware zannuwan da zan raba wa 'yan'uwa.

Wata safiya ta buga wa kamfanin waya. Ina zaune kusa da ita ina tsince shinkafa. Ba na jin Turanci, fuskarta nake karantawa. Na ga ta miƙe tsaye, na ga ta sake zama. Da ta ajiye wayar sai ta durƙusa a gabana ta ce, "Inna, man ya narke a mota. Marfin ya buɗe, ya jiƙa kwalin, ya ɓata kayan wasu mutane. Sun ce ƙa'idarsu, kayan da ke yoyo ba a ci gaba da tafiya da su. Sun zubar."

Na ce, "Sun zubar da man. To kuɗin fa?"

"Da robar gaba ɗaya, Inna. Ba su san da komai a ciki ba. Mun ce musu mai ne."

Ɗana ya ɗauki hutun da ba a biyansa, ya tuƙa mota har jihar nan. Ya gaya musu gaskiya, ya roƙe su su bar shi ya tona sharar da hannunsa. Wani ma'aikaci ya tausaya masa, ya zaga da shi baya ya nuna masa inda ake tarawa. Wayam. Motar shara ta riga ta kwashe, an kai babban juji, an bi da ƙasa an danne. Suka ce za su biya abin da ya faɗa da bakinsa, kuma suka biya: kuɗin roba ɗaya ta man kaɗanya.

Da ya dawo, da la'asar, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakina bai shigo ba. Ya ce, "Inna." Na ce, "Sannu da hanya. Je ka ci abinci." Ya daɗe a tsaye, sannan ya tafi. Na ji matarsa tana zuba masa ruwan wanka.

Baturen an mayar masa da kuɗinsa. Ya aiko da saƙo cewa ya yi baƙin ciki, wai in akwai wasu irinsu yana so. Babu wasu.

Alhaji ya zo da matarsa kamar masu zuwa ta'aziyya, ya zauna ya ce ƙaddara ce, na ce haka ne. Ya yi alkawarin zai tara jama'a a gina mini ɗakin, amma a shekarar kasuwar motoci ta mutu, ya sayar da wurinsa. Daga baya ya koma gida, can ya rasu, an binne shi a maƙabarta ɗaya da mijina.

Matar ɗana ta buɗe shagon kitsonta. Har yau ban taɓa jin ta tayar da maganar nan ba, ko a cikin faɗa. Ita ke kai ni asibiti, ita ke yanke mini farce.

Ɗana ya ƙara aiki na biyu don ya tara abin da zai mayar da ni, sai bayansa ya samu matsala wajen ɗaukar kaya. Abin da ya tara ya tafi a magani. Yanzu tasi yake ja. In ya shigo gaishe ni ba ya daɗewa.

Filin ɗakina kuwa, 'yan'uwan mijina sun ce kango ba ya zama haka nan, suka sayar wa wani mai shago, ya yi sito.

Ni ga ni nan. An sauya mana gida, yanzu a ƙasa muke, ba hawa bene. Turaren da na saya na tsaraba na raba wa matan da ke zuwa gaishe ni ran Sallah.