Ɗumin Yatsun Am Wagih

Tahani ba ta iya kaɗa jita ba, ba ta ma taɓa sha'awar koya ba. Amma a Iskandariya duk mai haɗa feda da hannunsa, wato ɗan akwatin nan da makaɗi ke takawa don muryar jita ta yi gurnani, ya san gidanta a unguwar Muharram Bek, hawa na uku, ya san teburin cin abincin da aka daina cin abinci a kansa.

Sana'arta ta sayar da kayan haɗa feda daga gwangwanayen biskit ta faro. Mahaifinta, Am Wagih, ya shekara arba'in yana gyaran rediyo, kuma mutum ne da ko ƙusa ba ya yarwa. Da aka daina kawo gyara ya rufe shago, ya kwaso gwangwani goma sha ɗaya cike da tsofaffin tiransista, ƴan ƙarafa masu ƙafa uku da ba su kai ƙwayar gyaɗa ba. Tahani har ta kira mai sayen tarkace. Kafin ya zo, Dakta Basim, likitan haƙori mai haɗa feda ran Juma'a, ya ji labari ya hau benen yana haki. Da ya buɗe gwangwani ɗaya sai ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba. Ashe sharar nan ake nema ruwa a jallo.

Daga baya ta ƙara da wayoyi da dalma da maɓallai, amma sunanta a kan tiransistan ya tsaya. Kowace feda biyu take so, waɗanda ƙarfinsu ya dace da juna, don haka sai an auna ƙarfinsu ɗaya bayan ɗaya a mita, a rubuta lambar a ƴar ambulan. Awon nan aikin Am Wagih ne, kuma doka ɗaya gare shi: da hantsaki ake ɗauka. Ɗumin yatsa kaɗai ya isa ya ɗaga lambar ta yi ƙarya.

"Hannunki na murza kunnen miji ne, Hajiya, ba na kayana ba," haka yake ce mata in ta miƙa hannu.

Shekara tara ba a taɓa dawo musu da ambulan ba. A ta goma Dakta Basim ya bugo waya, yana ta kewaye-kewaye.

"Madam Tahani, ƙila mitata ce ta tsufa. Amma lambar da ke kan ambulan da wadda ke gabana ba su gaisa ba."

Washegari ta tsaya a ƙofar kicin tana kallon uban. Hantsakin ya kuɓuce masa sau biyu, tsufa ya fara cin hannun. A na uku ya waiga kaɗan, ya sa yatsu ya ɗauki tiransistan ya cusa a mita, ya rubuta lambar nan take. Abin ya sosa mata rai ƙwarai. Teburin nan kaɗai ke sa shi aske gemu da safe. In ta karɓe awon, me zai tashi yi? In ta bar shi, ambulan ɗinsu ta zama takardar banza.

Sai ta zaɓi hanyar matsorata, kuma ta san ta matsorata ce. In ya kwanta bayan azahar ta sake auna komai, ta sa a sabuwar ambulan, ta tura tasa ƙasan durowa. Wata biyu tana haka.

Ranar da ya tashi neman almakashi ya ja durowar. Ta dawo daga gidan waya ta tarar da shi zaune, ambulan ɗinsa sun fi ɗari a gabansa, duk babu komai ciki.

"Da nawa lambobina suke ƙaruwa?" ya tambaya.

"Baba, shayi zan…"

"Lambar nake tambaya, ƴar nan."

"Goma sha biyar. Wani lokaci ashirin."

Ya juya tafin hannunsa yana dubawa. "Ni na koya miki," ya ce, ya tashi ya shige ɗaki. Ranar ko wake bai ci ba, ita ma ta kasa.

Da safe ta fito ta gan shi a tebur, gemu a aske. Hantsakin ba ya nan. Agogon aljihunsa ne a buɗe kusa da mita. Ya sa yatsu a gabanta ya cusa tiransista ɗaya, ba ɓoye-ɓoye, sannan ya janye hannuwan biyu ya danne su a ƙarƙashin cinyoyinsa kamar ɗan makarantar da aka tsawata wa. Allurar mita ta fara saukowa a hankali, ɗumin yatsunsa na barin ƙarfen. Minti goma cur bai motsa ba, sai da allurar ta tsaya cak ya ɗauki biro.

"Baba, a haka ai yini za ka yi a teburin nan."

"To ina za ni?" ya ce, bai ɗago ba. Ya tura mata ambulan ɗin. "Auna. A gabana."

Ta ɗauko hantsakinta ta auna. Lambarsa ce ta fito, ba ƙari ba ragi. Ta rufe ambulan ɗin da rubutunsa mai karkata a kai, ta sa cikin kayan Dakta Basim.