Ni da Malam Sani a Benci Ɗaya

Jama'a, ku ji wanda na tarar a ajinmu yau!

Yau ce ranata ta farko a jami'a, karatun dogon hutu da ake fara wa sababbin ɗalibai. Na shiga aji na zauna kusa da wani dattijo mai furfura, riƙe da sabon littafi da biro biyu.

Sai lakcara ya shigo, wani matashi da kwat. Ya dubi dattijon ya ce, "Baba, masu rakiya su jira a waje."

Aji ya fashe da dariya! Dattijon ya miƙe a hankali, yana laluben takardar shaidarsa a aljihu. Da ya juyo na ga fuskarsa. Innalillahi! Malam Sani ne, wanda ya koyar da ni a aji ɗaya na firamare!

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗalibi ne. Shi ya koya min riƙe fensir!"

Lakcara ya sauko har bencinmu, ya rusuna ya ce, "Malam, a gafarce ni."

Da aka tashi, Malam ya ce, "Hadiza, ara min littafinki in kwafa, idona ba ya kai wa allo."

Ya buɗe, ya girgiza kai. "Haba Hadiza! Har yanzu rubutun nan bai gyaru ba?"