Murhun da Gelindo Ya Zaɓa

A ƙauyenmu, can saman duwatsun Carnia, da wuta ake ƙirga gidaje. Gidan da ke ƙona itace shi ke da rabo a dajin gari. Kowace kaka a taru a bayan coci a jefa ƙuri'a, kowace wuta ta san itatuwan da suka faɗo mata, sai maza su yi ta hawa suna sara har dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Ni Nives a nan aka haife ni, a nan na binne mijina. Ƙofata tana kallon ta Gelindo, kuma wanda duk ya ce muku ina da sa ido bai yi mini ƙarya ba. Ba ni na ce a sa tagar kicin ɗina a wurin da take ba.

Gelindo magini ne. Yana saurayi ya tafi Switzerland neman abinci kamar yawancin mazanmu, ya dawo bayan girgizar ƙasa ya tarar da rabin gari a ƙasa, ya ajiye jakarsa ya ɗauki cokalin gini. Bangon da nake jingina da shi yanzu aikin hannunsa ne. Ya auri Dirce mai ɗinki, mace mai surutu kamar rediyo, shi kuwa sai ka wuni da shi ba ka ji kalma goma ba. Muka ce ai an daidaita, ita ta yi magana, shi ya gyaɗa kai. Suka haifi 'ya ɗaya, Loredana, wadda ke aiki a kantin magani a birnin Udine.

Ciwon mantuwa ya kama Dirce a hankali. Da farko gishiri ta zuba a kofi muka yi dariya. Daga baya dariyar ta ƙare. Ta manta yadda ake sa zare a allura, ta manta sunayenmu, abu ɗaya ya rage mata: kada a bar ta ita kaɗai. In Gelindo ya shiga banɗaki tana bakin ƙofa tana bugawa. In ya fita ɗebo itace a rumfa tana tsakar gida ba takalmi. Ya daina zuwa karta wurin abokansa, ya daina zuwa coci, har aski a gida yake yi wa kansa, kuma ana gani. Shi ke mata wanka, shi ke tuƙa mata polenta, tuwon masararmu, ya ba ta a baki. Ya roƙi wani taimako? Gelindo? Gara a cire masa haƙori da filaya.

Amma muna da al'ada. Ranar da namiji zai hau daji saran itacen gidansa, in yana da majinyaci, matan unguwa ke karɓa-karɓa su zauna masa. Ba a roƙa, ba a godiya, domin gidan da ba itace a watan Janairu kabari ne. Iyakar al'adar ke nan. Namiji ya bar matarsa ba lafiya ya tafi shan iska ko buga karta, wannan kam sai garin ya cinye shi ɗanye, ni ma da bakina a ciki.

To, ranakun itacen nan su ne kaɗai ƙofar da ta rage wa Gelindo. Da sassafe zan gan shi da injin yankan itace a kafaɗa da cukunsa a aljihu, yana tafiya kamar an sake akuya daga turke. Da yamma ya sauko fuskarsa ta sake, har ya tsokane ni.

"Nives, yau wa kika cinye a garin?"

"Da kai na fara, ka yi tauri na tofar."

Rabon da wasu ke gamawa da wuri, shi sai ya ja shi har sanyi ya kore shi. Ya sare, ya datsa, ya faskare, ya jera, ya rushe jerin ya sake jerawa. Itacen da ke rumfarsa ya ishe shi shekaru, kowa ya sani, ba wanda ya ce uffan. Tarcisio, shugaban kwamitin daji kuma abokinsa tun suna yara, ya taɓa gaya mini cewa wani lokaci yakan tarar da shi zaune kan kututture, inji a kashe, ba ya komai. Na ji tausayinsa ƙwarai, na kuma ja bakina na yi shiru, abin da ba kasafai nake yi ba.

Bara, sanyin farko na kaka, Gelindo ya hura murhun ƙarfen kicin ya juya zai ɗauko tukunya. Kafin ya waiwayo Dirce ta buɗe ƙofar murhun tana tura mayafin tebur ciki, wai tana ajiye wanki. Hannun rigarta ya kama. Da tafin hannunsa ya kashe wutar. Ita ta tsira da ɗan ƙuna a tsintsiyar hannu, shi kuwa hannu biyu aka naɗe masa.

Loredana ta iso a ranar, ta same ni ina wanke musu kwanuka. Ba ta ko cire rigar sanyinta ba.

"Baba, ka zaɓa. Ko murhun nan ya fita daga gidan nan, ko Mama ta koma gidan kula da tsofaffi can ƙasan dutse."

"Uwarki ba ta zuwa ko'ina."

"To murhu zai fita. Za mu sa na felet."

Felet ɗin nan garin katako ne da ake matsewa ya zama 'yan ƙwayoyi, a sayar a buhu. A zuba a cikin murhun, a danna maɓalli, ya kunna kansa ya riƙa ciyar da kansa.

"Kashin akuyan nan?" in ji Gelindo. "Ina da daji a bayan gida, in sayi kashin akuya a leda?"

"Dubi hannunka, Baba. Gobe in kana rumfa fa? In kana barci fa?"

Ya dubi hannun.

Muka sauka garin Tolmezzo dukanmu sayen sabon murhun, don ba a iya barin Dirce, ni ce a baya ina riƙe da ita kada ta buɗe ƙofar mota. Mai kantin, wani Fabrizio mai tumbi da fara'ar 'yan kasuwa, ya zagaya da mu. Ga mai ja, ga mai fari, ga wanda ake kunnawa da waya daga nesa, ga wanda in an cika shi sai ya yi kwanaki ba a taɓa shi ba.

"Wannan, maigida, kai dai ka zauna ka miƙe ƙafa. Ba sara, ba faskare, ba hawa daji. Ka huta ke nan har abada."

Gelindo ya juya masa baya. Ya wuce can ƙarshen kantin, ya tsaya gaban wani babban murhu baƙi mai ƙofa biyu.

"Wannan fa?"

"A'a, ka san kaya. Wannan ci biyu yake yi. Nan felet, nan itace. Ranar da ka ga dama ka jefa masa gungume."

"Itace na gaske?"

"Na dajinku ma."

Gelindo ya ɗora hannunsa mai bandeji a kan murhun yana shafawa. Ni na gane abin da yake gani, domin gidan da ke da murhun nan yana nan cikin masu ƙona itace, rabonsa na daji bai faɗi ba. Ya juyo wurin 'yarsa, muryarsa har ta yi laushi.

"Loredana, ai shi ke nan. Mu riƙa kunna felet ɗin, itacen sai in an ɗauke wuta."

Loredana ta fara saukowa. Tana tambayar girman bututu ke nan na ji hannuna ba kowa. Dirce ta zame mini. Ta wuce duk murhunan nan masu ƙyalli ba ta kalli ko ɗaya ba, ta nufi baƙin nan kai tsaye, ta kama mariƙin ƙofar itacen, irin wanda hannunta ya saba da shi tun tana amarya, ta murɗa ta buɗe. Ta warware gyalen wuyanta, ta ninke shi tsaf, ta tura ciki.

Fabrizio ya shiga gyara tabarau. Gelindo ya sunkuya ya ciro gyalen, ya kaɗe shi ko da yake ba toka a ciki, ya naɗa mata a wuya.

"Akwai wanda ba ya buɗuwa?" ya tambaya.

"Akwai. Wancan ƙaramin. Mariƙinsa cirewa ake yi a sa a aljihu. Ba mai buɗe shi sai mai mariƙin."

"Itace fa?"

"Ko tsinke ba ya ci, maigida."

"Shi za a kawo."

Loredana ta ce, "Baba, ba ka ko duba launinsa ba."

"Ki zaɓa."

A hanyar dawowa Dirce ta yi ta ba mu labarin wata rigar amarya da za ta kai gobe.

Masu haɗawa suka zo suka zura bututun ƙarfe cikin tsohon bututun da Gelindo ya gina da hannunsa, suka fitar da tsohon murhun suka ajiye a rumfa kusa da itacen. Gaskiya sabon yana aiki. Gidan ya yi ɗumi, ba hayaƙi, ba toka a labule. Dirce ta yi ta laluben ƙofarsa kwanakin farko, da ba ta sami abin kamawa ba ta haƙura. Tana zama gabansa tana kallon 'yar wutar ta gilashi, ƙwayoyin suna faɗowa ƙas, ƙas.

Ranar ƙuri'a kowane gida yakan jefa ɗan katako mai alamarsa cikin hula. Gelindo bai je ba. Tarcisio ya zo har ƙofa da hular a hannu, ni kuwa ina shara a waje, sharar da ba ta ƙarewa in ana magana.

"Kai tsohon banza, kawo naka in jefa. Wa zai leƙa kicin ɗinka?"

"Wa ya tashi a taro ya ce wutar da ba ta cin itace ba ta da rabo, lokacin da 'yan birni masu gidajen hutu suka so su shigo?" in ji Gelindo.

"Kai ne. Amma wannan daban."

"Ba daban ba ne."

"To ka zo ka taya ni nawa. Bayana ya ƙare, ka sani."

"Matan mutane su bar aikinsu su zauna da tawa don in sare maka itace? Je ka, Tarcisio, ana jiran ka."

Matan unguwa kuwa suka ɗauka an sauke musu nauyi. Onorina, wadda muke karɓa-karɓar da ita, ta tare ni a bakin famfo tana cewa, "Ai Gelindo ya huta, 'yar nan tasa ta yi masa gata." Shekararta saba'in a duniya, idon ma na ado ne.

Asabar ɗin da maza suka fara hawa, na ji taraktar Tarcisio ta wuce, na ga labulen Gelindo ya ɗaga ya sauka. Raina ya ɓaci. Na ɗauki saƙata na tsallaka, na tura ƙofa ba sallama.

"Tashi ka fita. Na zo zama."

"Zaman me? Ina za ni?"

"Ina ruwana? Ka je ka kalli duwatsu. Ka ba ni wuri."

Sai ya sa takalman dajinsa, ya ɗaure su sosai, ya miƙa hannu bayan ƙofa inda yake rataye igiya da gatari, ya janye hannun. Ya fita haka. Ta taga na bi shi da ido. Ya haura layin har bakin famfo, inda hanyar daji ta rabu da ta gari. Mata biyu na tsaye can suna hira, suka yi shiru suna duban hannuwansa da ba komai a ciki, suka dubi ƙofar gidansa. Ya sa hannuwan a aljihu, ya fitar. Ya sunkuya ya sha ruwan famfon kamar abin da ya kawo shi ke nan, ya juyo.

Ko layi ɗaya ban gama saƙawa ba ya shigo. Ya zauna a kujerarsa bai cire takalman ba.

"Koma gida, Nives. Na gode."

Tunda muke bai taɓa yi mini godiya ba, kuma ban ji daɗinta ba ko kaɗan. Na tattara zarena zan tashi, sai Dirce ta kamo gefen rigata, ta jawo ni kusa da bakinta. A ganinta raɗa take yi, amma duk ɗakin ana ji.

"Baiwar Allah, ki taimaka ki aika a kira mini mijina a daji. Ya daɗe bai sauko ba. Wannan mutumin kullum yana zaune a nan, ba ya zuwa ko'ina, ni tsoronsa nake ji."

Gelindo ya tashi a hankali, ya ɗauki kujerarsa ya matsar da ita bayan ƙofa, inda ba za ta gan shi ba, ya sake zama.